John Snow, likitan da ya sa wa maganin barcin tiyata ma'auni

Kafin shekarar 1846, duk wanda za a yi wa tiyata idonsa biyu ake yanka shi, ƙarti na danne da shi. Gwanin likita a lokacin shi ne mai saurin hannu, wanda zai cire ƙafa cikin ƴan mintoci. Da maganin sa barci ya bayyana, wata damuwar ta taso: nawa za a ba mutum ya daina jin zafi ba tare da ya wuce lahira ba? Mutumin da ya fara zama ya yi wannan lissafi shi ne John Snow.

An haife shi ranar 15 ga Maris, 1813, a birnin York na Ingila, shi ne ɗan fari cikin ƴaƴa tara. Mahaifinsa lebura ne a wurin sayar da gawayin kwal. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon aiki wajen wani likita a Newcastle, kuma a 1832 ya yi jinyar masu haƙar kwal a Killingworth lokacin annobar kwalara. A 1836 ya tafi Landan karatu, ya samu shaidar likitan fiɗa a 1838, sannan digirin likita na Jami'ar Landan a 1844. Ya yi shekaru ba ya cin nama, ba ya shan giya, kuma bai taɓa aure ba.

Ranar 16 ga Oktoba, 1846, wani likitan haƙori mai suna William Morton ya nuna a wani asibitin Boston, a Amurka, cewa shaƙar tururin sinadarin eta na sa mutum barcin da ba ya jin wuƙa. Kafin ƙarshen Disamba labari ya iso Landan, likitoci suka rungume shi. Sai dai wani majinyaci ya yi barci, wani ya farka ana tsakiyar aiki, wani kuma ya yi ta fizge-fizge. Snow, wanda ya daɗe yana nazarin numfashi, ya gano dalili: yawan tururin da iska ke ɗauka ya danganta da zafin wurin. Cikin makonni kaɗan ya fitar da jadawalin wannan lissafi, ya kuma ƙera na'urar shaƙa ta ƙarfe da ke zaune cikin ruwa don zafinta ya tsaya wuri guda. A 1847 ya wallafa littafi inda ya kasa barcin zuwa matakai biyar, daga ɗan jiri har zuwa inda numfashi ke shirin tsayawa, domin mai ba da magani ya san inda zai dakata. Manyan likitocin fiɗa na asibitocin St George da University College suka riƙa kiransa.

A Nuwamban 1847 James Simpson na Edinburgh ya shigo da kulorofom, wanda ya fi eta ƙarfi da daɗin shaƙa. Ba a cika wata uku ba, ranar 28 ga Janairu, 1848, wata yarinya ƴar shekara 15, Hannah Greener, ta mutu a kusa da Newcastle bayan an shaƙa mata shi a ƙyalle don a cire mata farcen ƙafa. Snow ya bi diddigin lamarin. Ya riƙa sa tsuntsaye, ɓeraye da kwaɗi cikin kwalabe masu adadin tururi da ya auna, yana kallon abin da zai faru, har kansa ya gwada wa magunguna. Ya kammala da cewa idan tururin ya yi yawa a iskar da ake shaƙa yana tsayar da zuciya nan take, don haka ya shirya na'urarsa yadda kulorofom ba zai wuce kashi 4 zuwa 5 cikin 100 ba. Ya kuma dage cewa mai ba da maganin ya zama likita dabam, wanda ba shi da wani aiki sai kallon numfashi da bugun jinin majinyaci.

Sunansa ya kai fada. Ranar 7 ga Afrilu, 1853, ya ba Sarauniya Biktoriya kulorofom lokacin haihuwar ɗanta na takwas, Leopold, yana ɗiga shi kaɗan-kaɗan a hankici na tsawon minti 53. Mujallar likitoci ta Lancet ta soki abin, tana ganin an jefa ran sarauniya cikin haɗari. A 1857 aka sake kiransa don haihuwar Beatrice, kuma ƙyamar rage wa mata zafin naƙuda ta ja baya.

Snow na rubuta kowane aiki da ya yi. Littattafan ajiyarsa na shekara goma sun ƙunshi mutane fiye da 4,000 da ya sa barci. Da ya gwada wani sabon magani, amilin, a kan mutane 238, biyu suka mutu, ya bayyana hakan a fili ya daina amfani da shi. Littafinsa na ƙarshe ya yi nazarin mutuwar mutane 50 da aka danganta da kulorofom, ɗaya bayan ɗaya. Bayaninsa bai cika ba: a 1911 Goodman Levy ya nuna cewa kulorofom na iya rikita bugun zuciya ko da barcin bai yi nisa ba, kuma daga baya asibitoci suka watsar da shi. Hanyar aikinsa dai ta zauna, wato a auna, a sa ido, a rubuta, a binciki kowace mutuwa.

Da wannan tunani ya tunkari kwalara, cutar da har yau take addabar yankin Tafkin Chadi a lokacin damina. Tun 1849 ya ce ta gurɓataccen ruwa take yaɗuwa, alhali yawancin likitoci na ɗora laifi a kan iska mai wari. A 1854 fiye da mutum 500 suka mutu cikin kwana goma a unguwar Soho. Ya bi gida-gida, ya ga mamatan sun taru kewaye da famfon titin Broad, kuma ranar 8 ga Satumba hukuma ta cire hannun famfon bisa shawararsa.

Ranar 10 ga Yuni, 1858, shanyewar ɓarin jiki ta same shi yana kan rubuta littafinsa na kulorofom. Ya rasu ranar 16 ga watan yana da shekara 45, aka binne shi a maƙabartar Brompton a Landan. Abokinsa Benjamin Richardson ne ya wallafa littafin a cikin wannan shekarar.