Ɗan Tafa Na Salame Da Tambayar Da Muke Gudu

Kwanakin baya a wani zaure a garinmu Tambuwal, wani yaro da ya zo hutu daga jami'a ya tambayi dattawa, cikin ladabi kuwa, me za a ce wa mutumin da ya ce duniya ita ta samar da kanta, babu Mahalicci. Ba wanda ya amsa masa. Cewa aka yi ya tashi, boko ya ɓata shi. Na koma gida ina tunanin Shehu Abdulƙadir ɗan Mustafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa, domin wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Sakkwato. Shi kansa malamin ba bare ba ne gare mu, tunda Muhammadu Buhari ɗan Shehu, kakan sarakunan Tambuwal, kawunsa ne.

An haifi Ɗan Tafa a 1804, shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Mahaifiyarsa ita ce Nana Hadiza 'yar Shehu, mahaifinsa kuwa Malam Tafa, wanda ya kafa makaranta a Salame, arewa da Sakkwato. Ya yi karatu a gaban mahaifinsa, ya ɗauki sufanci a hannun wani kawun nasa, Muhammadu Sambo. Bai tsaya ga fiƙihu da nahawu ba, sai da ya kutsa cikin lissafi da ilimin taurari da falsafa.

Mai karatu, a nan ne zancen yake. Wajen 1829, yana ɗan shekara 25, ya wallafa Futuhatur Rabbaniyya, inda ya ɗauko da'awar Dahriyya, wato masu cewa zamani ne kaɗai ke rayawa yana kashewa, da ta masu jingina komai ga ɗabi'a, ya bi su da hujja a kan ruhi da sararin samaniya da ƙarewar duniya. Jikan Mujaddadi ke nan, a tsakiyar Daula, bai ga laifin sanin maganar masu inkari kafin ya rushe ta ba.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne Uhud wa Mawasiƙ, wanda ya rubuta a 1855, bayan ya manyanta. A ciki ya ɗaukar wa kansa alkawarin gina aƙidarsa a kan ayoyin Alƙur'ani, ba a kan hujjojin malaman kalam ba, domin a ganinsa iyakar hankali shi ne ya tabbatar akwai Ubangiji, amma ba ya iya kewaye Shi da sani. Sannan a littafin dai ya yi alkawarin ci gaba da zurfafa nazari a kan halittu. Wani zai ce tufka da warwara ne. Ni kam ban ga haka ba. Hankali a wurinsa jagora ne da ke kai baƙo ƙofar fada, shiga kuwa sai da iso. Kuma wanda ya taka har ƙofar ne ke da bakin faɗin inda hanya ta ƙare, ba mu da muke korar yara tun daga zaure ba.

Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya sadu da shi a 1853, ya kuma shaidi zurfin iliminsa, musamman a tarihi, fannin da ya bar mana Raudatul Afkar a cikinsa. Allah Ya yi masa rasuwa a 1864.

Yaron nan kuwa, na tarar da shi a tasha ranar da zai koma makaranta. Na rubuta masa sunan malamin da na littattafan a bayan wata takarda. Ya karanta, ya ɗago ya tambaye ni ko Balarabe ne.