Avogadro, lauyan da ya rasu bai san lambarsa ba

Ɗiyata na shirin WAEC, kuma lissafin mol a kemistiri ya hana ta barci. Garin taya ta karatu na koma kan tarihin mutumin da lambar ke ɗauke da sunansa.

An haifi Amedeo Avogadro a birnin Turin na Italiya a 1776. Shari'a ya karanta, har ya fara aikin lauya, amma zuciyarsa na kan lissafi da kimiyya. Ya ajiye shari'ar, a 1809 ya kama koyarwa a garin Vercelli.

Ni ɗan mai awo ne, a gaban mudu na tashi a Mile 12. Kowa ya san ƙwayoyin da ke mudun gero sun fi na mudun wake yawa nesa ba kusa ba. To, a 1811 Avogadro ya ce iskar gas ba haka take ba. In mazubi ɗaya ne, zafi ɗaya, matsi ɗaya, adadin ƙwayoyin ɗaya ne, kowace irin gas aka zuba. Da wannan ya warware wani abu da ya ɗaure wa masana kai: awo biyu na haidurojin da awo ɗaya na oksijin suna ba da awo biyu na tururi. Ya ce ai ƙwayoyin oksijin bibbiyu suke tafiya, rabuwa suke yi in za su zama ruwa.

Ba a kula shi ba. Ya samu kujerar farfesa a Turin a 1820, rikicin siyasa ya raba shi da ita, daga baya ya dawo. Ya rasu a 1856. Sai a 1860, a taron masana a Karlsruhe ta Jamus, wani ɗan ƙasarsu, Cannizzaro, ya farfaɗo da maganar har ta karɓu.

Abin da ya fi ba ni mamaki, lambar nan da yara ke haddacewa, 6.02 × 10²³, bai taɓa ganin ta ba. Wasu ne suka auno ta bayansa, Jean Perrin na Faransa ya laƙaba mata sunansa a 1909.

Na ce wa yarinyar ta ɗauki mol kamar dozin, sai dai ƙwayoyin sun yi ƙanƙantar da ba a ƙirga su sai da sikeli. Giram 18 na ruwa, wajen cokali guda da ɗan ɗori, shi ne mol ɗaya. Ta ɗauko cokali ta cika, ta daɗe tana kallon sa.