August Wöhler, injiniyan da ya auna gajiyar ƙarfe

An haifi August Wöhler ranar 22 ga watan Yunin 1819 a garin Soltau da ke arewacin Jamus. Ɗan malamin makaranta ne, ya yi karatun fasaha a birnin Hanover, daga bisani ya yi aiki a kamfanin Borsig mai ƙera kawunan jiragen ƙasa a Berlin.

A wancan zamani wata matsala ta gagari injiniyoyin Turai. Sandar ƙarfen da ke riƙe ƙafafun jirgi takan karye kwatsam ana cikin tafiya, alhali nauyin da ke kanta bai kai wanda zai karya ta ba. Irin wannan karaya ce ta haddasa hatsarin da ya halaka mutane fiye da 50 kusa da Versailles a Faransa a shekarar 1842.

Bayan da aka damƙa masa kula da jiragen wani layin dogo a Frankfurt da ke bakin kogin Oder a 1847, Wöhler ya fara auna wahalar da sandunan ke sha a kan hanya. Sannan ya ƙera na'urar da ke juya ƙarfe ɗauke da nauyi sau miliyoyi, yana ƙirga juyin har ƙarfen ya tsinke. Aiki ne mai cin rai da ya ɗauke shi shekaru masu yawa.

Sakamakon da ya taƙaita a 1870 ya nuna cewar ƙarfe kan gaji idan ana ta lanƙwasa shi ana saki, kuma tazarar da ke tsakanin matsi mafi girma da mafi ƙanƙanta ita ce ke yanke masa tsawon kwana. Ya kuma gano wata iyaka wadda idan ba a ƙetare ta ba ƙarfen ke jurewa, kazalika ya lura tsagewa ta fi farawa daga kusurwa mai kaifi. Binciken baya-bayan nan ya nuna iyakar ba ta shafi kowane ƙarfe ba, alminiyum alal misali ba shi da ita.

Zanen da injiniyoyi ke kira da sunansa a yau wasu ne suka fitar daga baya, domin shi a jadawalin alƙaluma ya rubuta sakamakonsa. Ya yi ritaya a 1889, ya rasu a Hanover ranar 21 ga watan Maris na 1914.