Joséphine Baker: Ƴar rawar da ta zama ƴar leƙen asirin Faransa

A ranar 30 ga watan Nuwamba 2021, Faransa ta shigar da sunan Joséphine Baker cikin Panthéon, makwancin gwarazan ƙasar a birnin Paris. Ita ce mace baƙar fata ta farko da ta samu wannan matsayi, shekaru 46 bayan mutuwarta.

An haife ta ranar 3 ga Yunin 1906 a birnin Saint-Louis na jihar Missouri ta Amurka, cikin talauci da wariyar launin fata. Tun tana shekara 8 take aikatau a gidajen Turawa, kuma an yi mata auren fari tana ƴar shekara 13. Sunan Baker na mijinta na biyu ne. Rawa ce ta fitar da ita daga wannan ƙunci, har ta kai ta birnin New York.

A 1925 ta isa Paris tare da wata ƙungiyar makaɗa da ƴan rawa baƙaƙen fata. Shekara guda bayan haka ta hau dandalin Folies Bergère kusan tsirara, da ɗan bante mai siffar ayaba a ƙugunta. Wannan rawa ta sa sunanta ya karaɗe Turai, sai dai har yau ana taƙaddama a kanta. A lokacin Faransa na mulkin mallaka a ƙasashen Afirka da dama, har da Nijar. Wasu na ganin rawar ta ƙarfafa kallon raini da Turawa ke yi wa baƙar fata, wasu kuma na cewa shaguɓe take yi musu. Daga baya ta shiga waƙa da finafinai, kuma ta zama ƴar ƙasar Faransa a 1937.

Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, ta shiga aikin leƙen asiri. Shaharar da ta yi ta ba ta damar tsallaka iyakoki ba tare da tsananin bincike ba, tana ɗauke da bayanai kan sojojin Jamus, rubuce da tawadar da ido ba ya gani a jikin takardun waƙoƙinta. A 1941 ta koma Maroko, inda ta yi doguwar jinya a Kasabalanka, kafin ta shiga nishaɗantar da sojojin ƙawance. Faransa ta saka mata da manyan lambobin yabo.

Duk da wannan ɗaukaka, wariya ba ta ƙyale ta ba a ƙasarta ta haihuwa. A 1951 ta ƙi yin wasa a wuraren da ake raba baƙi da fari. Ranar 28 ga Agustan 1963 kuma ta yi jawabi, sanye da kakin soja, a gangamin Washington wanda Martin Luther King ya halarta.

Ta ɗauki riƙon yara 12 daga ƙasashe daban-daban a gidanta na Milandes, don nuna cewa ƴan Adam na iya zama tare. Bashi ya cinye gidan, aka fitar da ita a 1969, Gimbiya Grace ta Monako ta ba ta matsuguni.

Ta mutu ranar 12 ga Afrilun 1975 a Paris, ƴan kwanaki bayan buɗe wasan cikarta shekaru 50 a kan dandali. Har yanzu kabarinta na Monako.