MARIGAYI JIBO BAKARI DA LISSAFIN ƘURI'UN SAWABA

A wannan fitowa mun ga ya kamata mu kawo muku tarihin marigayi Jibo Bakari, shugaban jam'iyyar Sawaba. Dattawa ba su bukatar a gaya musu ko wane ne shi, don har yau in aka ambaci raƙumi da giwa sun san inda aka dosa. Amma yaranmu da yawa sunan kaɗai suka ji, waɗansu sun ji ana yabonsa, waɗansu sun ji ana zaginsa, gwargwadon gidan da suka tashi. Mu dai lissafin zaɓe za mu bi: sau nawa ya tsaya, ina ya ci, ina ya faɗi, kuma ƙuri'ar wa ta ɗauke shi.

An haifi Jibo cikin shekarar 1922 a Sudure, wani ƙauye kusa da Yamai. Bazabarme ne, ɗan'uwan Jori Hamani, garinsu ɗaya. Tun yana yaro aka kai shi Tawa, can ya shiga lakwal, can kuma bakinsa ya buɗe da Hausa, abin da ya amfane shi ƙwarai daga baya. Ya wuce babbar makarantar malamai ta William Ponty a Sanigal, ya komo ya koyar a Birnin Ƙwanni da Agadas.

Siyasa ta shigo ƙasarmu bayan yaƙin duniya na biyu. Cikin 1946 aka soke aikin dole, cikin shekarar nan kuma aka kafa jam'iyyar farko ta Nijar, watau PPN, wadda ta shiga babbar ƙungiyar RDA mai alamar giwa. Jori ya zama dafite a majalisar Faransa, Jibo ya zama magatakardan jam'iyya. Ku tuna fa, barikin Dakwaro kansa sai cikin 1947 aka kafa shi ƙarƙashin Maraɗi, kuma a lokacin ba kowa ke jefa ƙuri'a ba. Sarakuna da ma'aikata da tsofaffin soja da masu ɗan hali su ne akasarin masu katin zaɓe. Manomi na ƙauye sai dai ya ji labari a kasuwa.

Nasara ba su ji daɗin RDA ba, saboda a Faransa tana tafiya tare da 'yan kwaminis. Don haka cikin 1948, a nan Maraɗi, aka kafa wata jam'iyya mai suna UNIS, da goyon bayan Gwamna Toby da sarakuna. Ɗan takararta, Jorj Konda, haifaffen Maraɗi, shi ya ci sabuwar kujerar dafite ta biyu a shekarar. Cikin 1950 shugaban RDA, Hufuwet Bwanyi na Kodebuwa, ya raba gari da 'yan kwaminis don ya sasanta da Faransa. Jori ya bi shi, Jibo ya ƙi. Daga nan 'yan'uwan biyu suka rabu, ba su kuma koma inuwa ɗaya ba. A zaɓen 17 ga Yuni 1951 Jibo ya tsaya da kansa, ya faɗi. Jori ma ya faɗi. UNIS ta kwashe kujerun biyu, ta ba Konda da Zodi Ikiya.

To, a nan ne Jibo ya yi abin da ya bambanta shi da sauran 'yan boko na zamaninsa. Ya bar aikin gwamnati, ba jam'iyya, ba kujera, sai ya juya wajen ƙungiyoyin ƙwadago. Ya tara leburori da direbobi da yaran mota da masu aikin lambu, ya shiga gaba a yajin aikin 1953 da aka yi don a zartar da sabuwar dokar aiki. Cikin 1954 ya kafa jam'iyyar UDN. Mutanenta ba manya ba ne: teloli ne, da mahauta, da 'yan kamasho, da 'yan dako, da ƙananan akawuna, da matan kasuwa, da manoman gujiya waɗanda suka gaji da sikelin kamfanoni. Direbobin manyan motoci su suka riƙa kai saƙon jam'iyya tasha tasha, daga Yamai zuwa Ƙwanni da Madawa da Maraɗi da Tasawa har Damagaram. Kalmar da suke kira a taro, sawaba, ita ta zama sunan jam'iyyar a bakin jama'a, raƙumi kuma alamarta. Kalmar nan ba baƙuwa ba ce a kunnen wanda ke zuwa Kano ko Katsina, don tun watan Agusta 1950 NEPU, jam'iyyar su Malam Aminu Kano, ta fito da sunan neman sawaba, kuma mutanen jam'iyyun biyu sun san juna sarai.

Ran 2 ga Janairu 1956 aka sake zaɓen dafite biyu. Konda, wanda a lokacin yake jam'iyyar BNA ta sarakuna, ya zo na ɗaya. Jori ya zo na biyu. Jibo ya zo na uku da ƙuri'a sama da 70,000, kusan kashi ɗaya cikin huɗu, tazararsa da Jori ba ta kai 10,000 ba. Bai samu kujera ba, amma muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan adadi, domin shi ne ainihin jarin Jibo. Ƙuri'a ce wadda ba sarki ya ce a jefa ba, ba kumandan ya ce a jefa ba.

Cikin Yuni 1956 Faransa ta fito da dokar Defer, wadda ta ba kowane baligi, mace da namiji, ikon zaɓe, ta kuma yarda kowace ƙasa ta kafa 'yar gwamnatinta. A watan Nuwamba aka yi zaɓen majalisar birnin Yamai. RDA ta fi UDN yawan kujeru, amma wakilan BNA suka haɗa kai da Jibo, ya zama magajin garin Yamai na farko da aka zaɓa. Nan take UDN da BNA suka haɗe suka zama jam'iyya ɗaya, MSA a takarda, Sawaba a baki. Abin ya ba mutane mamaki. Ga jam'iyyar talakawa masu kukan haraji da gaisuwar sarki, ga jam'iyyar sarakunan da ake kukan da su, an zuba su ƙwarya ɗaya. Abin da ya haɗa su bai wuce ƙin RDA ba.

Haɗin ya yi amfani a akwati. Ran 31 ga Maris 1957 aka zaɓi majalisar ƙasa mai kujeru 60, Sawaba ta samu 41, RDA ta samu 19, akasarinsu daga yamma wajen kogi. Jibo ya ci kujerarsa daga Tawa. Konda ya zama shugaban majalisa. A watan Mayu Jibo ya kafa gwamnatin farko ta 'yan ƙasa, yana mataimakin shugaba tun da gwamna ne shugaba a doka, sai cikin Yuli 1958 aka mai da shi cikakken shugaban gwamnati. Wannan shi ne ƙolin da ya kai, kuma duka duka wata 17 ya yi a kai.

Cikin watannin nan gwamnatinsa ta tuɓe waɗansu sarakunan kanto, ta dakatar da waɗansu. 'Yan Sawaba na kasuwa suka yi murna, suka ga alkawari ya fara cika. Sauran sarakuna kuwa suka tuna da gemun ɗan'uwa da ya kama wuta. A ganinmu a nan ne Jibo ya yi sakaci da lissafi, don kujeru 41 ɗin da yake taƙama da su, da yawansu rawani ne ya kawo su. A watan Afrilu 1958 aka yi faɗa a titunan Yamai tsakanin 'yan raƙumi da 'yan giwa, har aka zub da jini.

Ana cikin haka Janar Digol ya hau mulki a Faransa, ya ce kowace ƙasa ta zaɓa ran 28 ga Satumba 1958: ko Wi, ta zauna cikin tarayya da Faransa, ko No, ta ɗauki 'yancinta nan take ba taimako. A taron Kwatano na watan Yuli, Jibo yana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya kan 'yanci ba jinkiri, kuma Sawaba ta tsaya kan No, kamar yadda Seku Ture ya tsaya a Gini. Amma Nijar ba Gini ba ce a idon Faransa. Muna da iyaka da Aljeriya inda ake yaƙi tun 1954, an fara ganin alamar yuraniyom a ƙasar Agadas, ga kuma tsoron kada ƙasar Hausa ta karkata wajen Nijeriya. Sai aka turo sabon gwamna, Kolombani, ana saura 'yan makonni zaɓe. Aka shigo da soja, kumandodi suka fita yawon ƙauyuka, aka tara sarakuna. Manyan BNA, irin su Isufu Sa'idu Jarmakoy da Adamu Mayaƙi, suka fice daga Sawaba suka koma Wi.

Ga abin da aka sanar: Wi ta samu 372,383, No ta samu 102,395. Waɗanda aka rubuta sunansu kuwa sun haura miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, watau fiye da kashi 60 cikin ɗari ba su je ba sam. 'Yan Sawaba sun yi ta cewa an yi maguɗi da tsoratarwa, kuma masu binciken tarihi sun tabbatar da cewa hukumar Nasara ta sa hannu dumu-dumu. Ba mu musun wannan. Amma a dubi adadin da kyau. No ta samu kashi 22 cikin ɗari, Jibo kuma a Janairu 1956, lokacin da yake shi kaɗai, ya samu kusan 24. Watau da sarakuna suka janye, sai ya koma kan jarinsa na asali. Duk da haka, in aka cire Gini, babu ƙasar da ta ba No kaso mai yawa kamar Nijar cikin Afirka ta yamma ta Faransa.

Daga nan abubuwa suka bi juna da sauri. A watan Oktoba gwamnatin Jibo ta sauka, a Nuwamba aka rushe majalisa, ran 14 ga Disamba aka sake zaɓe. Haɗin gwiwar RDA da sarakuna, mai suna UCFA, ya samu kujeru 49, Sawaba 11. Jibo kansa ya rasa kujerarsa. Ran 18 ga Disamba aka kafa Jamhuriya, Jori ya zama shugaban gwamnati, Bubu Hama shugaban majalisa. Kujerun nan 11 daga Tasawa da Damagaram suka fito, su ma aka soke zaɓensu, kafin ƙarshen 1959 babu ɗan Sawaba ko ɗaya a majalisa. Ran 12 ga Oktoba 1959 aka haramta jam'iyyar. Da aka ɗaga tutar 'yanci ran 3 ga Agusta 1960, mutumin da ya fara neman 'yancin yana gudun hijira a Bamako.

Shekarun da suka biyo baya su ne dattawa ba su son tunawa. Sawaba ta aika samari koyon yaƙi a Sin da Biyetnam ta arewa da Aljeriya da Gana. Cikin Satumba da Oktoba 1964 aka shigo da su ƙungiya ƙungiya ta iyakokin kudu da yamma, ana zaton talakawa za su tashi su tarye su. Ba su tashi ba. Aka kama da yawa, aka kashe waɗansu, aka harbe huɗu a bainar jama'a a Yamai. Ran 13 ga Afrilu 1965 wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti wajen Jori a filin idin babbar salla, bai same shi ba, yaro ƙarami ya mutu. Kamun da ya biyo baya ya shafi har waɗanda laifinsu kawai tsohon katin jam'iyya ne, waɗansu suka mutu a kurkuku, da yawa daga ƙasashen Maraɗi da Damagaram suka tsallaka Nijeriya. Alhakin azabar yana kan masu mulki, amma wanda ya tura 'ya'yan mutane da bindiga bisa zaton da ba a auna ba, shi ma yana da nasa kaso.

Bayan an hamɓare Nkuruma cikin 1966 Jibo ya koma Gini. Da Seyni Kunce ya kifar da Jori ran 15 ga Afrilu 1974, sai ya komo gida. Bai daɗe ba, cikin Agusta 1975 aka kama shi tare da Kumandan Sani Suna Sido bisa zargin shirya juyin mulki, ya yi shekaru a tsare, sai cikin shekarun 1980 aka sake shi. Akwai lokacin da shi da Jori duk suna hannun soja ɗaya.

Da aka buɗe siyasar jam'iyyu bayan babban taron ƙasa na 1991, tsoho ya sake fitowa da raƙuminsa, amma Sawaba ta rabe biyu, kuma 'ya'yan tsofaffin magoya bayansa sun sami sababbin gidaje, da yawa a CDS-Rahama da PNDS-Tarayya. A zaɓen majalisa na Fabrairu 1993 ɓangarensa, UDFP-Sawaba, ya samu kujeru 2 cikin 83. A zaɓen shugaban ƙasa na ran 27 ga watan, 'yan takara takwas suka tsaya, Jibo ya zo na ƙarshe da ƙasa da kashi 2 cikin ɗari. Mahamman Usman, ɗan Damagaram, shi ya ci a zagaye na biyu. Wannan ne zaɓen shugaban ƙasa kaɗai da Jibo ya taɓa shiga, yana da shekara 70 da 'yan kai.

Ya rasu a Yamai ran 16 ga Afrilu 1998, shekara tara bayan Jori, wanda ya rasu a Maroko cikin 1989. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Gadar da aka gina bisa kogin Kwara a Fariye, arewa da Yamai, sunan Jibo Bakari aka sa mata.