Dakta Cicely Williams (1893–1992): Likitar Yaran Da Ba Ta Daina Neman Sani Ba

Kamar yadda muka saba a kowace shekara, mukan keɓe wannan shafi domin tarihin wani wanda rayuwarsa ta amfani jama'a, ko da kuwa ba a cikinmu aka haife shi ba. A bana mun zaɓi wata mace, likitar yara, wadda da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin sunanta ba, alhali kuwa duk wanda ya taɓa shiga ɗakin yara a asibiti ya ga tasirin aikinta. Mun zaɓe ta ne musamman saboda 'yan'uwanmu ma'aikatan jinya da ungozomomi da malaman asibiti da ke aiki a birane daban-daban, domin tarihinta hujja ne cewa ilimin kula da yara ba ya ƙarewa a ranar da aka karɓi takardar shaida.

Haihuwarta da karatunta

An haifi Cicely Delphine Williams a ranar 2 ga Disamba, 1893, a gundumar Westmoreland ta tsibirin Jamaika. Mahaifinta babban jami'in ilimi ne a tsibirin. Tun tana yarinya aka tura ta makaranta a Ingila, daga nan ta shiga Jami'ar Oxford a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'ad da tafiyar maza fagen daga ta sa aka fara buɗe wa mata ƙofar karatun likita. Ta kammala a shekarar 1923 a asibitin King's College da ke Landan, sannan ta yi aiki a wani asibitin yara a unguwar talakawa ta Hackney. Bayan ta yi aiki cikin 'ya'yan 'yan gudun hijira a Salonika ta ƙasar Girka, sai ta sake komawa aji, ta karanci cututtukan ƙasashe masu zafi a Landan. A shekarar 1929 gwamnatin mulkin mallaka ta tura ta ƙasar Gwalkwas, wadda ake kira Gana a yau.

Abin da ta koya a Gana

Shekara bakwai ta yi a can, ta yi aiki a Koforidua da Kumasi da kuma asibitin yara na Gimbiya Marie Louise da ke Akra. A nan ne ta riƙa ganin wasu yara, galibi 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu, ana kawo su da kumburin ƙafafu da fuska, gashinsu ya koɗe ya yi ja, fatarsu tana saɓulewa, ga gudawa da yawan kuka da ƙin abinci. Da yawansu sukan rasu cikin 'yan kwanaki. Littattafan da ta karanta a Ingila ba su da bayanin da ya dace da abin da idonta ke gani.

Maimakon ta laƙa wa cutar wani suna daga cikin littafi, sai ta shiga tambayar ma'aikatan jinya 'yan ƙasa da iyayen yaran. Daga bakinsu ta ji cewa mutanen ƙabilar Ga sun daɗe da sanin wannan ciwo, suna kiransa kwashiyoko, wato ciwon da ke kama yaron da aka ture daga nono saboda zuwan ƙaninsa. Mu da muka san abin da kwanika ke jawo wa yaro ba za mu yi mamakin wannan ba. Da ta bi diddigi sai ta tarar ana yaye yaran ne a kan kunun masara zalla. Ta gwada ba su madara da man kifi, waɗanda aka kawo da wuri kuwa suka farfaɗo. Ta buga bincikenta a shekarar 1933, sannan a 1935 ta sake rubutu a mujallar likitoci ta Lancet, inda ta yi amfani da sunan da ta koya daga mutanen Ga.

Manyan masana a Landan ba su karɓi maganarta ba. Dakta Hugh Stannus, wanda ake ji da shi a fannin, ya dage cewa wannan cutar felagira ce kawai, wadda aka riga aka sani a wurin masu dogara da masara. Ita kuwa ta nuna cewa felagira takan ɓata fata ne a wuraren da rana ke duka, abin da ya saɓa wa yadda fatar waɗannan yara take. An ɗauki kusan shekara ashirin kafin gardamar ta kwanta. A shekarar 1952 hukumomin lafiya da na abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da rahoto a kan cutar a Afirka, da wannan suna na harshen Ga, wanda ya shiga littattafan likitanci na duniya baki ɗaya.

Yadda ta horar da ma'aikatan jinya

Dakta Williams ta lura cewa yaron da aka warkar a asibiti yakan koma gida ya sake faɗawa cikin ciwon, matuƙar ba a taɓa abin da ya jawo shi ba. Saboda haka ta koya wa ma'aikatan jinya awon jarirai masu lafiya, da rubuta bayanin kowane yaro a kati, da bin iyaye har gida domin a ga abin da ake dafawa. Ta kuma bar iyaye mata su zauna tare da 'ya'yansu a ɗakin jinya, a zamanin da asibitoci da yawa ke hana haka, domin uwa ta ci gaba da shayarwa, ta kuma koyi yadda ake ciyar da yaro. A ganinta, magani da rigakafi aiki ɗaya ne, ma'aikaciyar jinya kuwa ita ce ke riƙe da su biyun.

Malaya da gidan kurkuku

A shekarar 1936, bayan saɓani da shugabanninta, aka mayar da ita ƙasar Malaya, inda ta koyar a kwalejin likitoci ta Singafo. A can ta tarar da wata masifa daban. Kamfanoni suna sa wa 'yan mata tufafi irin na ma'aikatan jinya, suna bin gidajen talakawa suna tallar madarar gwangwani mai sukari a madadin nonon uwa, jarirai kuwa suna mutuwa. Madarar da ta yi amfani da ita a matsayin magani a Gana, ita ce ta gani tana halaka yara a Malaya, kuma ba ta ji kunyar faɗar haka ba. A shekarar 1939 ta gabatar da jawabi a gaban manyan Singafo mai taken madara da kisan kai. Sai a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙa'idar da ta taƙaita irin wannan talla.

Da sojojin Japan suka kama Singafo a 1942, an tsare ta a kurkukun Changi tare da sauran mata da yara, ta ci gaba da aikin likita a ciki. A watan Oktoba na 1943 'yan sandan sojan Japan suka ɗauke ta, suka riƙe ta wajen wata biyar cikin ƙunci da yunwa. Ta fito da ciwon beriberi, wanda ƙarancin abinci mai gina jiki ke kawowa, ya bar mata mutuwar tafin ƙafa har ƙarshen rayuwarta. Duk da haka, jarirai 20 da aka haifa a tsare an shayar da su nonon uwa, kuma dukkansu sun rayu.

Malama har tsufa

A shekarar 1948 aka naɗa ta shugabar farko ta sashen lafiyar uwa da yaro a Hukumar Lafiya ta Duniya. Daga 1951 ta koma Jamaika ta jagoranci bincike a kan wani ciwon amai da ke kashe yara, wanda daga baya aka tabbatar cewa ɗanyen 'ya'yan itacen aki ke kawo shi. Ta koyar a Landan, sannan daga 1960 a Jami'ar Amurka da ke Bairut, inda ta yi aiki cikin Falasɗinawa 'yan gudun hijira, daga baya kuma a Jami'ar Tulane ta Amurka. A shekarar 1972, tana gab da shekara tamanin, ita da Dakta Derrick Jelliffe suka wallafa littafi a kan yadda ake kai hidimar lafiya ga uwa da yaro, wanda ma'aikata suka daɗe suna karatu da shi. Ta yi aiki ko koyarwa a ƙasashe fiye da 50. Jami'ar Gana ta karrama ta da digirin girmamawa a 1986. Ta rasu a Oxford ranar 13 ga Yuli, 1992, tana da shekara 98.

Abin da ya rage gare mu

Ilimin da ta fara ginawa bai tsaya inda ta bar shi ba. A da an ɗauka cewa da zarar an kwantar da yaro mai tamowa sai a cika shi da abinci mai nauyi. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1999 ta nuna haɗarin haka. Ana farawa ne da madara ta musamman marar nauyi, kaɗan-kaɗan a kai a kai, ana kare yaron daga sanyi da faɗuwar sukarin jini, ana jinkirta maganin ƙarin jini har sai ya fara murmurewa, ba a kuma ba shi maganin sa fitsari don a sace kumburin. Ma'aikacin da ya tsaya a kan karatunsa na da, zai iya cutar da yaro da kyakkyawar niyya. Wannan ne dalilin da ya sa majalisar da ke kula da aikin jinya da ungozoma a Najeriya take neman shaidar ƙarin horo kafin ta sabunta lasisi.

Mu da muke zaune a birane, inda ake samun bita da sababbin littattafai da intanet, muna da haƙƙin tunawa da ma'aikatan ƙaramin asibitin gida, waɗanda hannunsu 'ya'yan danginmu ke fara faɗawa. Wanda ya halarci bita ya kai musu takardun idan ya je gida, wanda ke da hali ya ɗauki nauyin kwas ɗin mutum ɗaya. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi. Allah ya raya mana zuriya, ya kuma saka wa masu jinyarsu da alheri, amin.