Nana Asma'u 'Yar Shehu da Jigon Bege a Waƙoƙinta

Gabatarwa

Bege yana daga cikin manyan jigogin da suka ratsa adabin al'ummu daban-daban. A ƙasar Ajantina, alal misali, waƙoƙin tango waɗanda Carlos Gardel ya yi fice da su kafin rasuwarsa a 1935 sun ginu ne a kan kewar masoyin da aka rabu da shi, kuma galibinsu sukan ƙare da ɗebe tsammani. A ƙasar Hausa kuwa, marubuta waƙoƙin ƙarni na 19 sun sarrafa wannan jigo ta wata fuska daban. Daga cikinsu akwai Nana Asma'u, wadda rayuwarta ta cika da rashe-rashen masoya.

Haihuwarta da Tasowarta

An haifi Nana Asma'u a Ɗagel wajajen shekarar 1793. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, mahaifiyarta kuwa Maimuna. 'Yan biyu ne ita da Hassan. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, don haka ta tashi a hannun sauran matan Shehu. Tana 'yar kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga wahalhalun yaƙi da ƙaura da yunwa da idonta. Ta yi karatu mai zurfi, ta kuma yi rubuce-rubuce da Larabci da Fillanci da Hausa. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato.

Rashe-rashe da Marsiyyoyinta

Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817. Bayan shekara 20, wato a 1837, yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno ta ƙasar Sakkwato, inda kabarinsa yake. Bello ya kasance malaminta kuma abokin shawararta, saboda haka ta tsara masa marsiyya da Fillanci. A cikinta ta bayyana irin maraicin da ta shiga, sa'an nan ta jero halayensa na adalci da tausayin talakawa domin masu mulki su yi koyi.

Haka ta yi lokacin da mijinta Giɗaɗo ya riga ta gidan gaskiya. Sun daɗe suna aikin ilimi tare, musamman wajen adana tarihin Shehu da na Bello. Wajajen 1855 kuma ta rasa aminiyarta A'ishatu, matar Bello, ta yi mata marsiyya biyu, ɗaya da Fillanci, ɗaya da Larabci. A ta Larabcin ta nuna cewa zubar da hawaye don tausayi da ƙauna bai saɓa wa shari'a ba, kururuwa ce aka hana.

Idan aka nazarci waɗannan waƙoƙi za a tarar suna bin tafarki guda wajen warwarar jigo: bayyana raɗaɗin rabuwa, da ambaton kyawawan halayen mamaci, da miƙa al'amari ga Allah tare da fatar saduwa a lahira. Begen mutane a wurinta reshe ne na begen Manzon Allah (SAW), wanda ta keɓe wa doguwar waƙarta ta Hausa mai suna Begore.

Hidimarta ga Ilimin Mata

Alhini bai sa ta naɗe hannu ba. Ta kafa tsarin 'Yantaru, inda ta horar da mata manya da ake kira jajoji, ta ba su malfa da jan rawani a matsayin shaidar izini. Su ne suke kai waƙoƙinta ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu mata.

Kammalawa

Nana Asma'u ta rasu a 1864, aka rufe ta a Hubbaren Shehu da ke Sakkwato. A 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara ayyukanta a littafi guda. Ya kamata ɗalibi mai shirin koyar da rubutacciyar waƙa ya lura cewa marsiyya a hannunta kuka ce kuma wa'azi ce, don haka ba a nazarin ɗayan a bar ɗayan.